Yadda na bi fayilolin Znatoki daga na farko har na 24

Da kunne na fara sanin wannan shiri, domin kafin in ga fuskar ko mutum ɗaya a cikinsa na yi makonni ina jin waƙarsa tana fitowa daga ƙaramin ɗakin tsohuwar da ke gadin ƙofar gidan kwanan ɗaliban da aka sauke ni. A lokacin ina shekarar share fage, wadda jami'o'in Rasha ke ware wa baƙin ɗalibai don koyon harshe kafin su shiga karatun da ya kawo su, kuma Rashancina bai wuce na sayen burodi da tambayar hanya ba. Duk mai shiga ko fita sai ya nuna wa tsohuwar katinsa ta wata 'yar taga, kuma ta nan nake hango akwatin talabijin ɗinta, inda galibi nakan ga maza biyu zaune da tebur a tsakaninsu, ɗaya yana tambaya ɗaya yana amsawa, babu gudu babu harbi.

Wata rana da yamma dusar ƙanƙara ta hana ni fita, sai na tsaya a bakin tagar na gaishe ta da sunanta haɗe da na mahaifinta, kamar yadda ake girmama manya a can, sannan na tambaye ta abin da take kallo kullum ba ta gajiya. Ta buɗe mini ƙofa, ta nuna mini kujera, ta ce, "Zauna, ɗana, wannan ba a ba da labarinsa a tsaye." Ta jawo takarda ta rubuta sunaye uku a jere, Znamenski da Tomin da Kibrit, ta ja layi a ƙarƙashin gaɓar farko ta kowanne, sai ga kalmar Znatoki ta fito, wadda a Rashanci take nufin masana ko gwanayen abu. Cikakken sunan shirin shi ne Sledstvie vedut Znatoki, wato masana ne ke gudanar da bincike. Babban gidan talabijin na Tarayyar Sobiyet ya fara nuna shi a 1971, aka ci gaba har 1989, kuma miji da mata ne suka rubuta shi, Aleksandar da Olga Lavrov. Kowane labari a cikinsa ana kiransa delo, wato fayil ɗin bincike, da lambarsa da sunansa. Fayil 22 aka yi a zamanin Sobiyet, daga baya aka ƙara biyu tsakanin 2002 da 2003.

Kafin in tashi daga kujerar nan na ƙudurta a raina zan kalle su duka, bi da bi, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, kuma a ranar dalilina bai wuce neman harshe ba. Na sayi littafin rubutu mai kauri, irin mai ƙananan gidaje da 'yan makarantar Rasha ke amfani da shi, na ware wa kowane fayil shafi huɗu. Tsarin da na ɗora wa kaina shi ne in kalli kowanne sau biyu, karo na farko daga fari har ƙarshe ba tsayawa, ko na fahimta ko ban fahimta ba, karo na biyu kuma da ƙamus a gefena, ina tsayar da hoton duk inda wata kalma ta maimaitu har sau uku ban san ta ba. Bayan haka sai in sauko wurin tsohuwar in ba ta labarin da bakina, ita kuma ta gyara mini harshe, ta kuma gyara mini labarin idan na ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Da yake wasu fayilolin kashi biyu ne ko uku, fayil ɗaya yakan ci mini mako guda, wani lokaci kwana goma idan jarrabawa ta matso.

Fayil na farko, wanda sunansa ke nufin baƙin dillali, ya kusa sa ni ajiye aikin. Hoton baƙi da fari ne, kuma kusan komai a cikin ɗaki aka ɗauke shi kamar wasan dandamali, wanda ba abin mamaki ba ne tunda biyu daga cikin manyan 'yan wasan uku, Georgi Martinyuk mai fitowa a Znamenski da Leonid Kanevski mai fitowa a Tomin, daga gidan wasan kwaikwayo na Malaya Bronnaya da ke Mosko aka ɗauko su, ta ukun kuwa ita ce Elza Lezhdei mai fitowa a Kibrit. Labarin ya soma ne a kotu, inda waɗanda ake tuhuma suka juya maganar da suka yi a gaban mai bincike, daga nan kuma sai batun kaya da takardu da lissafi ya rufe ni. Kalmomin da na cika shafukana da su babu ko ɗaya a littafin da muke bi a aji. Akwai nedostacha, giɓin da ake tararwa idan an ƙirga kayan kanti, akwai nakladnaya, takardar da ke raka kaya daga sito zuwa kanti, akwai kuma reviziya, binciken littattafan kuɗi. Na je wa tsohuwar da labari a hargitse, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in daina damuwa da wanda ya ci kuɗin, in koma in dubi yadda Pal Palich yake zama a kujerarsa.

Pal Palich shi ne Pavel Pavlovich Znamenski, an taƙaita sunan ne yadda bakin Rashawa ke yi wa wanda suka saba da shi amma suke ganin girmansa. Sai da na koma na sake kallo na gane cewa mutanen nan uku ba aiki ɗaya suke yi ba. Znamenski shi ne sledovatel, mai binciken da ya karanci doka, wanda fayil ke hannunsa, shi ke yin tambayoyi, shi ke rubuta bayanan shaidu, kuma shi ke da alhakin kai wa kotu abin da ba zai rushe ba. Tomin, wanda abokansa ke kira Shurik, ɗan sandan ciki ne, shi ke shiga lungu da saƙo, yakan ɓad da kama ya zauna cikin ɓarayi ya ji ta bakinsu. Zinaida Kibrit kuwa ƙwararriya ce a ɗakin gwaje-gwaje, aikinta zanen yatsu da rubutun hannu da ɗigon tawada da ƙurar da ta maƙale a takalmi. Ofishinsu yana lamba 38 a titin Petrovka, hedikwatar 'yan sandan Mosko, adireshin da Rashawa ke ambata su kaɗai ba tare da ƙarin bayani ba. A wancan zamani militsiya ake kiran rundunar, sai a 2011 aka mayar da sunan politsiya.

Fayil na biyu ne ya kama ni, kuma tun daga shi na daina kallon shirin don harshe kaɗai. Sunansa tambaya ce, ma'anarta mene ne sunanka na gaskiya. An tsare wani mutum da ba shi da takardar shaida ko muhalli, abin da dokar Sobiyet ta ɗauka laifi, ko da yake ƙarami. Mutumin ya faɗi suna da garin haihuwa, Znamenski ya rubuta, ya aika a bincika, amsa ta dawo cewa ƙarya ce. Ya ba da haƙuri ya kawo wani sunan da wani tarihin, shi ma aka bi sawu aka tarar ba haka ba ne. Wani mai binciken da tuni ya rufe fayil ya huta, domin mutumin bai musa laifinsa ba, hasali ma kamar zumuɗi yake yi a yanke masa hukunci. Wannan zumuɗin shi ne abin da ya tsaya wa Znamenski a rai, yana tambayar kansa abin da zai sa mutum ya yi gaggawar shiga kurkuku da sunan da ba nasa ba. Haka aka yi ta zama bayan zama a ɗaki guda, har ta bayyana cewa lamarin ya fi ƙarfin 'yan sanda, na hukumar tsaron ƙasa ne. Na kalle shi a daren farko ban tsayar da hoton ko sau ɗaya ba, kuma da aka gama na lura shayin da na haɗa tun farko yana nan ya yi sanyi ban taɓa shi ba.

A kallo na biyu ne na kula da wani abu da ya zama mini mabuɗin duk sauran. Rashanci yana da ti da vi, daidai da kai da kuma ku ɗin girmamawa da muke yi wa manya. Znamenski da vi yake magana da wanda yake tuhuma, ko da ya tabbata ƙarya ake shirga masa, kuma ba ya ɗaga murya, ba ya buga tebur. Yakan ajiye takarda a gaban mutum, ya ba shi lokaci ya karanta, sannan ya jira. Tsohuwar ta ƙara mini da cewa a zamaninsu wanda aka tsare ba shi da ikon kiran jami'i tovarishch, wato abokin gwagwarmaya, sai dai ya ce grazhdanin, ɗan ƙasa, domin an ɗauka ya fita daga sahun jama'a. Da na san wannan sai ladabin Znamenski ya ƙara nauyi a idona, saboda yana yi wa mutum ne a daidai lokacin da hukuma ta janye masa nata. A yawancin fayilolin mai kallo yakan gane mai laifi tun da wuri, don haka ba ɓoyon suna ne ke riƙe shi ba. Abin da ke riƙe shi shi ne ganin yadda za a tabbatar da laifin ta hanyar da doka ta yarda, da kuma jin yadda mutum mai aiki da iyali ya zame har ya tsinci kansa a wannan kujera.

Daga nan tafiya ta miƙe mini. Na wuce fayil ɗin mai buga jabun kuɗi, da wanda aka yi wa Kibrit barazana don ta karkatar da sakamakon gwaji, da na fursunan da kishi ya sa ya tsere daga gidan yari, da na samarin da suka tsinci bindiga. Na ɗan daɗe a kan na goma, na 1975, inda wani dattijo mai tsabtar tufafi da iya magana yake shugabantar jujin birni, ana fitar da ƙarfe mai kyau daga masana'anta da sunan shara, yana isowa wurinsa ya koma kuɗi.

Amma wanda na fi daɗewa a kansa shi ne fayil na 16, na 1981, mai suna daga rayuwar 'ya'yan itatuwa, domin shi ne ya taɓo abin da na sani tun ina yaro. Na taso ina taya kawuna a rumfarsa ta lemo, kuma na san yadda idan mota ta kwana biyu a hanya daga Binuwai ake sauke kaya a ware mai kyau da wanda ya soma laushi da wanda ya ruɓe, na kuma san cewa duk gardamar ranar a kan yawan ruɓaɓɓen take. A wurinmu mai kaya yana tsaye ko wakilinsa, idonsa a kan kowane kwando. A Tarayyar Sobiyet kuwa kayan na gwamnati ne, ana kawo su cikin taragun jirgin ƙasa zuwa manyan rumbunan da ake kira ovoshchebaza, daga nan a rarraba wa kantuna. Hukuma ta ƙayyade kason da aka yarda ya salwanta ta hanyar bushewa da zubewa, kuma har kalmomi biyu Rashanci ke da su na wannan, usushka da utruska. Ke nan duk wanda sikeli da alƙalami ke hannunsa yana iya rubuta lafiyayyen kaya a matsayin ruɓaɓɓe, ko ya sauko da mai daraja ta ɗaya zuwa ta biyu a takarda, bambancin ya bi ta bayan gida. Babu wuƙa, babu ɓalle ƙofa, kuma idan aka zo ƙirga komai ya daidaita a littafi. Abin da ya burge ni shi ne yadda shirin ya yarda mai kallo yana da hankalin bin lissafi, ya zaunar da shi yana kwatanta takardar jirgi da takardar rumbu har giɓin ya fito.

Ranar da na sauko ba da labarin wannan fayil, tsohuwar ce ta karɓe maganar daga bakina. Ta ce a kaka akan kwashe su daga wurin aiki, har injiniyoyi da ɗaliban jami'a, a tura su irin waɗannan rumbuna su yi yini suna tsince dankali da kabeji cikin sanyi da wari. Ta miƙo hannuwanta ta nuna mini yadda suke ware mai kyau gefe, ta ce da idonta take ganin kaya masu kyau a rumbu, amma idan ta bi layi a kantin unguwarsu ba ta samun sai yamutsattse. "Mun san inda yake tafiya, ɗana," in ji ta, "amma a talabijin ne muka fara jin an faɗa da ƙarfi."

Wannan maganar ce ta taimake ni lokacin da wani ɗalibi Barashe da muke hawa ɗaya ya ga littafina ya ce ɓata lokaci nake yi a kan farfaganda. Maganarsa ta dame ni, saboda haka na dakatar da kallo na kwanaki na shiga karatu, kuma na tarar yana da hujja. An yi shirin ne a zamanin Nikolai Shchelokov, wanda ya shugabanci ma'aikatar da ke kula da 'yan sanda daga 1966 zuwa 1982, na hannun daman shugaban Sobiyet Brezhnev, wanda ya ba da ƙarfi wajen gyara sunan rundunarsa ta hanyar fina-finai da kuma babban bikin ranar 'yan sanda da ake yi kowace 10 ga Nuwamba. Waƙar nan da na fara ji ta taga ma ta zama tamkar taken rundunar. Bayan mutuwar Brezhnev, magajinsa Andropov ya sauke Shchelokov a Disambar 1982, aka tuhume shi da almundahana, aka tuɓe masa muƙami, ya harbe kansa a Disambar 1984. Na duba jerin fayilolin sai na ga na 17 ya fito a 1982, na 18 kuma bai fito ba sai 1985.

Na yarda cewa jaruman nan uku hoton ɗan sandan da ma'aikata ke so a gani ne, wanda ba ya cin hanci, ba ya dūka, ba ya gajiya da gaskiya, kuma na yarda cewa mutane da yawa da suka shiga hannun rundunar a zahiri ba irin su suka tarar ba. Sai dai na kasa yarda cewa wannan ya gama bayanin shirin. Ba za a iya nuna gwanintar mai bincike ba sai an nuna abin da yake bincika, kuma abin da ma'auratan nan suka zaɓa su nuna shekara bayan shekara shi ne ƙofar baya ta kanti da rumbu da masaƙa da ofishin kula da gidaje, wato wuraren da talakan Sobiyet ya san ana cutarsa. A ganina 'yan kallo sun karɓi abu biyu a tare, ɓarayin da suka sani a rayuwarsu da kuma mai binciken da suke fatan samu, kuma ba su rikita ɗaya da ɗaya ba. Da wannan fahimta na koma kan kujerata.

Fayilolin ƙarshen zamanin Sobiyet sun zo mini da wani nauyi na daban. Hoton ya zama mai launi tun da jimawa, furfura ta fito wa Znamenski, girma ya ƙaru a kafaɗunsu, kuma da yake ni cikin watanni na ga abin da aka ɗauka cikin shekara 18, tsufan nasu ya zo mini da sauri har ya taɓa ni. Laifuffukan ma sun sauya. Na 22, wanda ya fito a 1989, sunansa Mafiya, batunsa fataucin miyagun ƙwayoyi ne da gungun mutane masu makamai, waɗanda ba sa jin kunyar takarda idan an ajiye ta a gabansu. Ina kallo ina jin cewa salon Znamenski na haƙuri da ladabi ya dogara ne a kan mai laifin da har yanzu yake da sauran kunya, kuma irin wannan mai laifin ya fara ƙaranci. Shekara biyu bayan haka Tarayyar Sobiyet ta wargaje, a 1991, shekarar da Kanevski ya koma Isra'ila ya shiga cikin waɗanda suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Gesher.

Saura biyu suka rage mini lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. Elza Lezhdei ta rasu a 2001, don haka da aka dawo da shirin sai aka kawo wata ƙwararriya mai suna Kitayeva, domin gaɓar ƙarshe ta sunan shirin ta tsira. Na tambayi tsohuwar ko za mu kalla tare, ta girgiza kai ta ce ba ta taɓa kallonsu ba kuma ba za ta fara yanzu ba, tunda babu Zinochka, wato Zinaida Kibrit. Ni kaɗai na kalle su a ɗakina. Martinyuk da Kanevski suna nan da muryoyinsu, amma Moskon da ke bayansu ta motocin ƙasashen waje ce da masu gadi da bankuna, kuma ko shafi biyu ban cika ba a kan kowanne, domin kalmomin sun riga sun zama nawa.

Da na gama na 24 na sauko da littafin na miƙa mata ta taga. Ta sa tabarau ta yi ta buɗawa a hankali, ta tsaya a shafukan fayil na 16, ta ɗauki biro ta gyara mini harafi ɗaya a kalmar utruska. Sannan ta buɗe ƙofa, ta ɗora tukunyar shayi, ta ce in zauna in sake ba ta labarin fayil na biyu daga farko, tana so ta ji ko yanzu zan iya faɗin tambayoyin Pal Palich yadda ya yi su.